Shingen da Ya Shiga Teku

"Iya, a juye kika riƙe taswirar," in ji lauyan attajirin da ya toshe mana hanyar teku. 'Yan majalisar gari suka kwashe da dariya.

Ban yi boko ba, amma mu masunta daga ruwa muke kallon garinmu. A tsohuwar taswirar ga coci, ga tudu, ga ɗige-ɗigen da ya ce shingen gonarsu ne.

Na bi su da farce har suka tsallake gaɓa.

"Kai ɗan nan, kifi kuke killacewa? Hanya ce, nan uwata ke bi da amalanke in ruwa ya janye!"

Shugaban majalisa ya zagayo gefena, ya sa tabarau.