Maganin da Ya Fi Ƙarfin Duna

Shekarar da fari ya cinye geron Azarori, Maiguwa ya tafi ci-rani, ya bar wa matarsa Lantana yara da 'yan awakin da suka rage, da tsohon karensu Duna. Nonon awakin nan shi ne abincin yaran, Duna kuma shi ke tsaronsu. Bakinsa ya yi furfura, amma muddin yana haushi kura ba ta kusantar shingen.

Wata rana Duna ya dawo daga daji da cizo a cinya, ciwon ya ruɓe. Lantana ta tuna lokacin da Duna ke ji da ƙarfi ya taɓa samun irin raunin, Maiguwa ya ba shi ƙwayoyi masu ja da rawaya, ya warke. Ranar kasuwa ta tsaya a teburin Isaka mai magani, ta nemi irin ƙwayoyin don Duna.

"Lantana, mutane na nema, ke kare za ki saya ma?" in ji Isaka.

"Shi ne namijin gidan yanzu. Nawa zan ba shi?"

"Tsoho ne? Ninka mishi. Tsohon jiki sai da ƙarfi."

Ta ninka, tana cusa masa a cikin tuwo safe da yamma. Ciwon ya fara bushewa, amma Duna ya daina ci, ya yi ta amai, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa.

Ta ɗora shi a kan jaki ta nufi asibitin dabbobi na garin Madawa. Matan bakin rijiya suka kwashe da dariya: "Lantana, angon ne ba lahiya?" Ko waiwayawa ba ta yi ba.

Lokotoron dabbobi ya duba karen, ya dubi ƙwayoyin, ya girgiza kai.

"Baiwar Allah, kare mai jini a jika in ya sha magani, ƙoda na fitar da saura ta fitsari. Ƙodar tsoho ta gaji. Na jiya yana cikinsa, na shekaranjiya ma yana ciki, kina ta ƙara mishi. Kwikwiyo ma haka, tasa ƙodar ba ta ƙosa ba."

"To a fitar mishi, Malam."

"An makara."

A hanyar gida Duna ya mutu. Ba a jima ba, wata safiya ta tarar da shingen a ɓarke. Akuyar da ta fi nono, sai ƙaho da jini. Autanta ya miƙo ƙwaryarsa, ta rasa abin zuba masa.

Ta roƙi kwikwiyo a maƙwabta, ta rene shi. Ranar da ya fara zawo, ta naɗe shi a zane, ta wuce teburin Isaka, ta kama hanyar Madawa a ƙasa.

Jama'a, magani yana tafiya ne da shekarun dabba. Abin da ya warkar da ƙaton kare yana iya kashe tsoho ko kwikwiyo. Kafin ku ba dabba ƙwaya, ku kai ta wurin masana su auna mata.