Daga Shi Sai Malafa

Da rana tsaka jirgin Ogutu ya kunno kai mashigin da ke gaban wurin wankin mata. Shi yana baya da filafili, sanye da farar rigarsa mai guga, don Ogutu ko su zai je sai ya taje gashi. A gaba kuwa abokin aikinsa Owuor ya jingina da tulin taru, ya miƙe ƙafafu, tsirara haihuwar uwarsa. Daga shi sai malafa, ita ma an ja ta har karan hanci.

Kowa a tsibirin Mfangano ya san ƙa'ida. In jirgi ya wuce Dutsen Hankaka, masunci ya tuɓe abinsa, ba ruwan kowa, wa zai ja taru da jiƙaƙƙen wando? Amma daga dutsen zuwa gaɓa, ko buhu ne ka ɗaura. Wanda kuma tsautsayi ya haɗa idonsa da tsiraicin wani, kau da kai zai yi. Ba a kallo na biyu.

Mata sun kai talatin a bakin ruwa, cikinsu har da tsohuwa Aoko, surukar Owuor.

"Kai, Owuor!" Ogutu ya ɗaga murya yadda har na kan tudu za su ji. "Surukarka ce fa can! Sa wando, ɗan banza, za ka ja mini!"

Owuor ko gezau. Ƙudaje ma bai kora ba.

"Ku gane mini, jama'a! Ya sha ya yi tatul!"

Mata suka juya baya lokaci guda, ana tofar da yawu ana tsinuwa. Aoko ta kifa kwano a fuska. Jirgi ya ratsa mashigin a hankali, ya nufi zurfin tafki.

Washegari aka kira Ogutu gaban kwamitin gaɓa, ƙarƙashin mangwaro. Ya zo da ƙorafinsa, ya kuwa iya ƙorafi. Shekara ashirin da shida yana kan ruwa, ko cibiyarsa ba wanda ya taɓa gani, shi da 'yan mata har yanzu ke tambayar wa ke masa ɗinki. Yau shi ake tuhuma da tsiraicin wani ƙato!

"Abin da ke cikin jirgi alhakin mai jirgi ne," in ji shugaban kwamiti, dattijo Midiwo. "Dokar gaɓa ce, ta ƙasa ma ba ta ƙyale ba. Kwana bakwai jirginka ba zai taɓa ruwa ba. Ka kuma kawo rago a wanke wa tsohuwa ido. Ina shi mai laifin?"

"Baba, da giya ta sake shi na gaya masa abin da ya yi, kuka ya fashe da shi. Ya ce in sauke shi a tsibirin Remba, ya bi jirgin 'yan Uganda. Da wane ido zai dubi surukarsa?"

Maza suka gyaɗa kai. Ko su ne, gudu za su yi.

Sai Adongo, matar Owuor, ta miƙe. "Mijina ba ya sha ranar aiki. Kuma jiya da safe ya ce mini yau zai gaya wa kwamiti mai zuba wa kifi guba a cikin ciyawa."

Ogutu ya ciro mataji daga aljihu, ya dube shi, ya mayar.

Midiwo ya juya wajen mata. "Kun ga Owuor jiya?"

"Mun gan shi! Zaune daram, ya baje kamar a ɗakin uwarsa!"

"Kun ga fuskarsa?" Adongo ta tambaya.

"Fuska? Ke, so kika yi mu tsaya mu ƙare wa mijinki kallo?"

Aka kwashe da dariya. Aoko ta jawo zanen 'yarta. "Zauna. Abin da na gani ya ishe ni har kabari."

Shi ke nan aka tashi. Shaidu talatin ba wasa ba ne.

Da la'asar Ogutu ya durƙusa yana goge gaban jirginsa da yashi, wanki na uku ke nan, yana mita shi kaɗai. Ga rago. Ga kwana bakwai ba kamun kifi. Ga dutsen da yake tsai da jirgi da shi ya tafi da igiyarsa, sai ya nemi wani. Duk wannan, a ce mutum guda bai yaba masa ba! Cikin ciyawa, inda abin ya faru, ruwa iya gwiwa ne, ba ya riƙe amana, hanyar zurfi kuma guda ce tal, ta gaban mata. Wa zai yi tunanin da ya yi in ba shi ba?

Ya dubi farcensa da ya karye, ya yi tsaki. Shi kaɗai ya san wahalar cire wa gawa wando a cikin jirgi mai tangaɗi.