Mahaucin da Ya Bar Sahun Gaba

Na tambaye ka lafiya ka ce lau, alhali tun ɗazu kake mutsu-mutsu a kan tabarma. To, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mahauci a garinmu da ya tsufa da wuƙa a hannu. Cikin dabba kuwa ya san shi kamar ɗakin kwanansa. In ya farke rago, hannunsa kan tafi kai tsaye jikin ƙashin baya, inda ƙoda biyu ke kwance cikin kitse, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya san siraran hanyoyin nan biyu da ke gangarowa daga ƙoda zuwa mafitsara, ya kuma iya cire mafitsarar a hankali kada ta fashe ta ɓata nama. Yakan gaya wa masu ciniki cewa ƙoda rariyar jiki ce: ba ta hutu, tana tace jini tana tura dattin zuwa ƙasa, mafitsara na tarawa kamar salka, in ta cika a je a zubar. Duk ya san wannan, amma fa a jikin rago.

Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci. Abin da ya rage masa a duniya shi ne gurbinsa a sahun gaba na masallaci, kafaɗa da kafaɗa da maƙwabcinsa, wani tela da suka taso tare, sai kuma hirar da suke yi a dakalin telan bayan la'asar. Ana nan sai abu ya fara canzawa. In ya kewaya sai ya daɗe a tsugune, fitsari ɗis-ɗis kamar ana roƙonsa. Ya yi tsarki, ya yi alwala, kafin ya kai ƙofar masallaci ya ji ɗigo a wando. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin jini da tumbi bai taɓa yamutsa fuska ba, sai ga shi kunyar ɗigo ɗaya ta kama shi. Ya koma sahun baya. Daga nan ya koma bakin ƙofa, inda ake ajiye takalma. Daga nan ya daina zuwa. Da ya tambayi liman da ya ji cewa addini ya yi wa mai larura sauƙi, amma ina, bakin ya ƙi buɗuwa. Dabarar da ya ga ta fi ita ce ya rage shan ruwa, har furar da yake so ya bari, wai in ba a zuba ba me zai zubo. Dakali ma ya ƙaurace masa, don tsoron kada abokinsa ya ji zarni a jikinsa. Tela ya yi ta sallama, shi kuwa ya amsa daga ciki cewa yana zuwa, ba ya fitowa. Mutane suka ce girman kai ne, wasu suka ce fushi yake da wani. In aka kira salla yakan ji takun maƙwabta na wucewa ta bayan katangarsa, ya gane kowa da tafiyarsa, ya shimfiɗa buzu ya tayar shi kaɗai. Kaɗaici ya ci shi fiye da ciwon, ya rame, babu wanda ya san dalili.

Wata ranar kasuwa da hantsi hanyar ta toshe gaba ɗaya. Mara ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya, ƙafafu sun haye, ya kwanta a tsakar gida yana nishi. Tela ya jiyo ta kan katanga. Wannan karon bai jira izini ba, ya banke ƙofa, ya nemo mota aka kai shi asibiti. Aka sa masa robar fitsari, abin da ya taru ya fita. Likita ya ce wani nama ne da ke kewaye da bakin mafitsara yakan kumbura wa maza in shekaru sun ja, ya matse hanya. Fitsarin da ya rasa mafita ya yi ta komawa sama yana danne ƙoda, ga kuma ƙishirwar da ya ɗora musu. Ɗaya ta riga ta gaza, ɗayar ce za a lallaɓa. Da ya zo tun farko, da magani ko ɗan aiki ya wadatar.

Ga shi kwance, riga a ɗage, roba da jakar fitsari a fili, a gaban mutumin da ya fi ɓoye wa. Ya juya fuska bango. Sai tela ya ɗaga tasa rigar ya nuna masa wani tsohon tabo a ƙasan cibiya.

"Shekarar da na ce maka na tafi ganin 'yata, nan na kwanta da irin wannan ciwon," in ji shi. "Da ka buɗe baki, malam, da da ƙafarka ka shigo."

Mahauci ya daɗe yana kallon tabon, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Kai ma da ka buɗe naka, da ban yi sallar nan ni kaɗai ba."

Ya koma sahun gaba, amma da ƙoda ɗaya ya koma, kuma tela bai ƙara iya haɗa ido da shi sosai ba in ana zancen lafiya. Saboda haka kai da ke cewa lau, faɗi inda ke maka ciwo tun ana iya gyarawa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.