Hanji Na Auta Ne

Godiya ta tabbata ga Allah, Mahaliccin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Tsira da aminci ga ManzonSa.

Ƙasimu ya fito da farantan gilashi daga akwatin ɗumi. Aikinsa ke nan a laboratuwar, wato ɗakin gwaje-gwaje, a zamanin Shugaba Ahidjo: ya shafa ruwan hanjin kaza a faranti, ya bar shi ya kwana, sannan ya ƙirga ɗigon ƙwayoyin cutar da suka tsiro.

Tun da zawo ya ɗauke 'yar autarsa Karimatu, bai sake amsa sallamar Halilu mai kaji, maƙwabcinsa a unguwar Briqueterie, ba. Kajin Halilu yake zargi da ajalinta, ya kuma rantse sai ya kawo hujjar da za a rufe rumfarsa. Ya sayo hanji wurin Halilu, ya kuma yanka kazar gidansa domin a ga bambancin mai tsabta da ƙazami.

Faranti ɗaya ya cika maƙil da baƙin ɗigo. Ƙasimu ya miƙa shi ga likitan da ke shugabantar wurin.

"Dokta, ga amanar Halilu! Wannan ya wuce ƙirga."

Likitan ya juya farantin, ya daɗe yana duban alamarsa.

"Malam Ƙasimu, na mai kaji wancan ne, babu mugun iri a cikinsa. Wannan na gidanka ne."

Sai muryar Karimatu ta dawo wa Ƙasimu tiryan-tiryan. Duk ranar da ya yanka kaza, takan tsuguna gabansa: "Baba, hanji na auta ne." Shi kuwa yakan naɗe shi a ƙafar kazar, ya ɗan nuna wa wuta, ya miƙa mata da hannunsa.

Allah Ya jiƙan Karimatu da sauran mamatanmu, Ya kiyaye mai karatu daga zargin maƙwabci.