Maigadin Shagon Gwanjo

Ƙarfe sha biyu da rabi na rana mai gwanjo ya shigo shagonsa da gudu-gudu, ya tarar da kare a miƙe a gindin kujerun da suka fi kowanne kyau, fanka na kaɗa masa. Tsohon da ke wuni a shagon, mai karen, yana zaune kusa da shi, yana goge ƙafafun tebur.

Yau wata likita za ta zo ganin kujerun. Wata biyu suna nan ba mai taya, kuma mai gwanjo ya san ba kowa ke son sayen abin da kare ya raɓa ba. Ya ja karen waje, ya ɗaure shi a jikin turken ƙarfe da ke bakin titi.

"Taɓa kwaltar nan da hannunka ka ji," in ji tsohon.

"Minti goma ne kawai."

Likitar ta iso da motar ɗaukar kaya a bayanta. Ta zauna a kan kujera mai cin mutum uku, ta danna soso, ta leƙa ƙarƙashi. Mai gwanjo ya rantse mata shekara biyu kacal aka yi ana amfani da su, a gidan wani babban ma'aikaci.

"Talatin dai," tsohon ya ce daga inda yake. "An sake musu yadi ne. Amma katakon, ko yanzu ya fi na zamani."

Likitar ta juya ta dube shi: riga koɗaɗɗiya, silifa mai ɗinki a hanci.

"Kada ki kula shi, likita," mai gwanjo ya yi saurin cewa, yana dariyar yaƙe. "Maigadinmu ne. Tsufa ya fara taɓa shi."

Tsohon ya miƙe. Ya ninke tsumman hannunsa, ya ɗauki buta, ya fita.

Ciniki ya ja. Ta ga madubi, ta tambayi kafet, ta kira mijinta a waya har sau biyu. Sai da awa guda ta shige kafin suka daidaita, suka fito kiran masu lodi.

Tsohon na durƙushe a kan kwalta, daga shi sai singileti. Ya kasa kwance ƙullin igiyar, sai ya shimfiɗa rigarsa a kan karen, ya tare masa rana da bayansa, yana zuba masa ruwan buta a tafin ƙafa. Karen ya zube, harshe a waje, yawu na dalala, numfashi sama-sama.

Likitar ta yar da jakarta. "A yanke igiyar nan! Ku kai shi inuwa. Ruwa mai ɗan sanyi, ban da ƙanƙara."

Mai gwanjo da kansa ya ɗauko karen, jikin kamar garwashi. Suka kwantar da shi a gaban fanka, suna jiƙa masa ciki da wuya. Maƙwabta suka cika ƙofa. Can karen ya ɗaga kai, ya lashi ruwa a tafin tsohon. Gwiwoyin tsohon duk sun tashi da ƙuna.

"Malam, ka ji tsoron Allah," likitar ta ce wa mai gwanjo, a gaban kowa. "Wanda ya yi wa dabba haka, ban san abin da yake yi wa ma'aikacinsa ba." Ta juya wajen tsohon. "Baba, ina neman maigadi a gidana. Akwai ɗaki, akwai inuwa, ka zo da karenka. Me ya ɗaure ka a wurin mutumin nan?"

Tsohon ya ci gaba da shafa kan karen. Maƙwabta suka zuba wa mai gwanjo ido, shi kuwa ya kasa ɗaga ido daga ƙasa.

"Ba zai bi ki ba, likita," in ji mai gwanjo. "Mahaifina ne."