Riga Shida, Awo Ɗaya

Auta ta soke madara daga takardar cefane, sannan ta soke nama ma. Mijinta, direban motar ɗaukar kaya, ya leƙo ta kafaɗarta yana kurɓar baƙin shayi.

"Ranki ya daɗe, Ministar Kuɗi, ni ma a soke ni mana a huta."

"Kai ke kawo albashi. Ka bari sai wata mai zuwa."

Shekararsu huɗu a ƙasar mutane, cikin ɗaki biyu a hawa na uku. Duk ƙarshen wata Auta kan aika wa Innarta kuɗin cefane da na maganin hawan jini. A da, ɗari huɗu na kuɗin ƙasar da suke zaune ke cika abin da Inna ta saba karɓa a can gida. Sai darajar kuɗin ƙasar ta kama sulɓewa kamar jiƙaƙƙen sabulu, har ya zama sai an ba da ɗari biyar da hamsin. Albashi kuwa yana nan inda aka bar shi.

Auta ta ɗau alwashi biyu: ko sisi ba za a rage wa Inna ba, kuma Inna ba za ta ji labari ba. In abin ya faskara, keken ɗinkinta za ta sayar, wanda da shi take samun ɗan na kashewa. Har hotonsa ta ɗauka ta ajiye a waya.

Aka kashe na'urar ɗumama ɗaki. Aka koma sayen burodin da ya kwana, rabin kuɗi. Tafiyar tasha uku a bas ta zama ta ƙafa, wai motsa jiki. Ranar Juma'a in za ta kira Inna ta bidiyo, sai ta shafa hoda, ta zauna gaban labule mai kyau, ta ɗora lemo biyu a faranti inda za a hango su. Lemon nan sun yi Juma'a uku suna wannan aiki.

"Auta, rigar sanyi a cikin ɗaki?"

"Yayi ne, Inna."

"To. Ƙashin wuyan ma yayi ne?"

"Wayar ce, haka take ramar da mutum."

"Allah ya shiryi wayar," in ji Inna, ta shiga ba ta labarin maƙwabta.

A makon da Auta ta yi niyyar sa keken a kasuwa, ta biya shagon Mai Canji, wani ɗan lungu tsakanin mai aski da mai gyaran waya, wanda ta hannunsa baƙin unguwar ke aika kuɗi gida. Ya gama rubuta mata rasit, ya yi gyaran murya.

Wai akwai wata Hajiya, tsohuwar abokiyar cinikinsa, tana son doguwar riga guda duk wata. Kuɗin yadi daban, kuɗin hannu ɗari da hamsin, kuma ta hannunsa za a riƙa biya. Kayan a ajiye mata sai ta aiko.

"Sittin nake ɗinki," in ji Auta. "Ba zan ci haƙƙin baiwar Allah ba."

"Ita ta yanke wa kanta. Ba ta son gardama."

Ya juya rasit ya rubuta awon, irin na hannu: tsawo kamu uku ba yatsa huɗu, kafaɗa taƙi biyu. Kowace kala, ban da ruwan ɗorawa. Auta ta ce lallai matar ta san abin da ya dace, don ita ma ba ta iya kallon kalar. Da ta koma gida ko tef ba ta ɗauko ba. Ta shimfiɗa yadi ta auna da hannu, yadda ta taso tana yi.

Ranar ta yi nafila raka'a biyu, ta goge hoton keken. Madara ta dawo takardar cefane. Nama ya dawo, amma ranar Juma'a kawai. Direba ya ce ko wace ce Hajiyar nan, shi ya zama ɗanta daga yau.

Wata ya bi wata, canji bai gyaru ba, Hajiya ba ta fasa ba, kuma ba ta aiko ba. Sau ɗaya Auta ta zura ɗaya daga rigunan a gaban madubi don ta duba faɗuwar hannun. Tsawon ya zauna cif, jikin ne ya ɗan yi mata yawa. Ta cire da sauri, kayan mutane amana ne.

Da riga ta shida ta shiga kabad, abin ya fara damunta. In mai kaya ta mutu fa? Wa za ta ba? Ta goge su, ta ninke cikin leda, ta dire a kan teburin Mai Canji.

"Ka kira ta yanzu a gabana. Ko ta aiko a karɓa, ko na daina."

Ya sosa ƙeya. "Za ki ɓata mini ciniki. Kuɗi ɗaya, in ci la'ada a tafiya, in ci a dawowa."

Auta ba ta tsaya fahimtar surutunsa ba, ta nuna masa wayar da haɓa. Ya latsa, ya buɗe muryar wayar don ita ma ta ji. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Hajiya, telar ce ta kawo kaya, ta ce lallai sai an karɓa."

Aka yi ɗan tari a can, irin tarin da Auta za ta gane ko a tsakiyar kasuwa, tarin Inna.

"Ka ce wa Auta ta sa kayanta, awonta ne, na kafin waya ta ramar da ita."