Malamin Sikawut da Kiɗan Garin Gaba

Ɗana, ajiye makullin babur ɗin nan ka zauna. Tun shigowarka ƙafarka ke rawa, kana ba ni labarin sana'ar da za ka koma alhali ta hannunka ba ta ko yi shekara ba. Bari in ba ka misali.

Wani malami ne da ke kula da 'yan sikawut a wata firamare cikin birni. Mutumin kirki ne, yana son yaran har ransa, sai dai ba ya iya zama wuri guda. Da kaka ta yi, ya bi iyaye gida gida ya roƙa a ba shi yaran ya kai su ƙauye kallon kalankuwa, wato bikin da manoma ke yi in amfanin gona ya shigo gida, domin yawancinsu ba su taɓa ganin gero a jikin kara ba. Ya yi musu alkawarin za su ga abin da za su riƙa ba da labarinsa har tsufa. Ranar tafiya suka fito cikin kaki, kowa da ƙyallensa a wuya da gorar ruwa. Mota ta sauke su a bakin kwalta saboda yashi, suka taka zuwa ƙauyen farko. Suka tarar an jera dammunan gero a ƙofar mai gari, mata na sussuka suna waƙa, 'yan mata na gaɗa, ana tuƙa tuwon sabon gero a manyan tukwane. Aka shimfiɗa musu tabarmi a gindin tsamiya, aka ce su zauna tuwo ya kusa. Yaran har sun fara kwance takalma, wasu sun kewaye wata tsohuwa tana nuna musu yadda ake shiƙa. Shi kuwa malam bai zauna ba. Iska ta kawo masa kiɗan ganga daga gabas, wani mai rake ya ce masa ai wannan ƙaramin biki ne, babban yana garin gaba inda za a yi kokawa. Nan take wurin ya yi masa ƙunci. Ya busa usur, ya ba mai gari haƙuri a tsaitsaye, ya jera yaran ya shige gaba. A gari na biyu an share fili, makaɗa na gasa fatar ganga a bakin wuta, 'yan kokawa na ɗaura layu, amma aka ce sai bayan la'asar za a fara. Ya zaga filin, ya dubi rana, ya dubi waya, ya sake zagawa. Ana cikin dama wa yaran fura sai ya ji wasu samari na cewa a tsallaken rafi dambe ya riga ya kankama, har da wani shahararren ɗan dambe da ya zo daga nesa. Ya sake busa usur.

Hanyar tsallaken rafi ta cikin gonakin da aka girbe ta bi. Kututturen kara ya riƙa sukar ƙafafun yaran, ƙarangiya ta cika musu safa, ruwan gorarsu ya ƙare. Waƙar tafiya da suka taso da ita ta mutu a bakinsu. Malam na gaba yana sauri, bai waiwaya sai dai ya ɗaga hannu ya ce a ƙara mai. Da suka isa, sai suka yi karo da jama'a na watsewa: baƙon ɗan damben ya kayar da abokin karawarsa tun zagayen farko, makaɗa har sun rataya kalangu. Bai tsaya ko neman ruwa ba, ya juya da su a guje don su riski kokawa. Suna tsakiyar wata gonar dawa, ba su nan ba su can, ihun 'yan kallo ya tashi daga gari na biyu, irin ihun da ake yi in an ɗaga ƙato an buga da ƙasa. Daga nan ganga ta yi shiru. Wata yarinya 'yar aji uku ta zauna a kan kunya, ta cire takalmi, diddigenta ya saɓule yana jini, ta ce ita ba ta ƙara ko taku ɗaya. Sauran ma suka zube kusa da ita. Sai a lokacin malam ya juyo ya dube su da kyau, ya ga leɓunansu sun bushe, ya tuna tun karin safe ba su sa komai a ciki ba. Direba na ta kiran waya rana za ta faɗi. Ya goya yarinyar, ya sa usur ɗin a aljihu, suka ja ƙafa zuwa bakin kwalta. Da aka sauke ta a gida, uwarta na wanke mata ƙafa da ruwan ɗumi ta tambaye ta, "To 'yar nan, me kika gano a kalankuwar?" Yarinyar ta yi tunani, don ba ta son ta yi ƙarya, sannan ta ce, "Inna, ƙeyar Malam."

Shi ya sa Hausawa suka ce, zafin nema ba ya kawo samu.